Tsakanin jami'in hulɗa da jama'a da marubucin bulog, wa ke tsaya wa mai karatu?

A watan Oktoba na 2007, Chris Anderson, wanda a lokacin shi ne babban editan mujallar Wired ta Amurka, ya yi wani abu da ya tayar da ƙura tsakanin masu sana'ar hulɗa da jama'a. Ya tattara adiresoshin imel wajen 300 na jami'an da suka addabe shi da sanarwoyin da ko kusa ba su shafi aikinsa ba, ya baza su a bulog ɗinsa, wato shafin rubutunsa na kansa a intanet, ya ce daga ranar ya toshe su gaba ɗaya. An yi ta ka-ce-na-ce. Wasu suka ce ya wuce gona da iri, tunda da yawa cikin mutanen nan ƙananan ma'aikata ne da aka miƙa wa jerin sunaye aka ce su tura. Ni ma ban ga kyawun tona adireshin mutum a bainar jama'a ba. Amma fushinsa yana da tushe, kuma tushen nan bai kau ba har yau. Jami'ai da yawa suna kallon duk mai shafi a intanet a matsayin wurin liƙa talla kawai, sun manta cewa mutum ne mai ra'ayinsa, kuma akwai jama'ar da ke bin sa saboda sun yarda da shi.

Idan na ce marubucin bulog, ina haɗawa da magadansa. Manhajar Blogger ta fito a 1999, WordPress ta biyo baya a 2003, kuma su ne suka bai wa duk mai kwamfuta damar buga rubutunsa ba tare da izinin wani edita ba. Yau da yawa daga cikin irin waɗannan mutane sun koma aika wasiƙun labarai ta Substack, ko sun buɗe tashar YouTube, ko suna shirin murya, ko suna TikTok da Instagram. Wurin zama ne ya sauya, aikin yana nan yadda yake: mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan, masu sha'awar wani fanni, suna gaya wa mabiyansu abin da suka gani da abin da suke tunani a kai.

Akwai wani bambanci tsakanin wannan mutum da ɗan jarida wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, alhali shi ne ginshiƙin maganar. A gidan jarida mai mutunci, sashen labarai daban, sashen talla daban. Wanda ke karɓar kuɗin kamfani ba shi ne ke yanke hukuncin abin da za a rubuta a kan kamfanin ba, kuma akwai edita da zai tambayi wakilinsa daga ina ya samo labari da kuma wa ya biya masa kuɗin tafiya. Na san wannan katanga takan tsage, wani lokaci ma ta rushe, amma dai an san da ita. Shi kuwa mai bulog shi ne wakilin, shi ne editan, shi ne mai sayar da talla, shi ne mai biyan kuɗin haya a ƙarshen wata. Duk a kai ɗaya. Saboda haka idan jami'in hulɗa da jama'a ya tunkare shi da tayin da bai dace ba, babu wani na uku a ɗakin da zai ce a dakata. Wanda ya kamata a yi shawara da shi, wato mai karatu, ba ya nan, kuma bai ma san ana zaman ba. A ganina wannan ne ya sa nauyin da ke wuyan jami'in ya fi yawa idan yana hulɗa da marubuci mai zaman kansa fiye da idan yana hulɗa da babbar jarida. Abin da ya zo nema wurin marubucin shi ne yardar da masu karatu suka ba shi. In ya saye ta a ɓoye, ya lalata abin da ya fito nema, kuma ya cuci mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Kamfanoni ba don sha'awa suka fara kula masu bulog ba, wuya ce ta kai su. A 2004 aka gano cewa ana iya buɗe wasu makullan keke na kamfanin Kryptonite da bututun biro. Bidiyon da ke nuna hakan ya bazu a shafuka cikin 'yan kwanaki, kamfanin ya yi jinkirin magana, daga ƙarshe dole ya yi tayin musanya makullan kyauta. A 2005 kuma Jeff Jarvis, tsohon ɗan jarida, ya fara rubuta irin baƙar wahalar da ya sha da wata kwamfutar Dell da sashen kula da masu saye na kamfanin. Mutane masu irin matsalarsa suka yi ca a ƙarƙashin rubutun, kowa na faɗin tasa. Da farko Dell ta yi kunnen uwar shegu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ta sauya hanya: a 2006 ta buɗe bulog nata mai suna Direct2Dell, ta sa ma'aikata su riƙa bin masu ƙorafi a shafukansu suna warware musu matsala, a 2007 ta buɗe shafin IdeaStorm inda masu saye ke kawo shawara, har shawarar jama'a ta sa ta fara sayar da kwamfutoci masu ɗauke da manhajar Linux. Jarvis da kansa ya dawo ya rubuta cewa kamfanin ya koyi sauraro. Abin lura a nan shi ne Dell ba ta biya shi don ya yabe ta ba. Gyara ta yi, kuma shi ya gani ya faɗa.

Sai dai ba kowa ne ya ɗauki wannan darasi ba. Wasu abin da suka fahimta shi ne, tunda jama'a sun fi yarda da muryar mutum irinsu fiye da muryar kamfani, to bari a ƙirƙiro mutumin. A 2006 wani bulog ya ɓullo na wasu mutum biyu, mace da namiji, da ke zaga Amurka a motar kwana, suna yada zango a harabar shagunan Walmart, suna hira da ma'aikata, kuma kowane ma'aikaci suka samu sai yabon wurin aikinsa yake. Daga baya aka gano cewa wata ƙungiya da kamfanin hulɗa da jama'a na Edelman ya kafa wa Walmart ita ce ta ɗauki nauyin motar da tafiyar, kuma namijin ma mai ɗaukar hoto ne a jaridar Washington Post. Shugaban kamfanin, Richard Edelman, ya fito ya amsa cewa sun gaza wajen bayyana gaskiya tun farko. Abin da ya ƙara wa lamarin muni shi ne Edelman na cikin kamfanonin da ke kan gaba wajen wa'azin gaskiya da fayyace komai a intanet. A ƙarshen wannan shekarar aka sake kama wani bulog na bogi da aka yi wa Sony, wai wasu samari ne ke roƙon a saya musu na'urar wasa ta PSP. Masu wasan bidiyo suka binciko wanda ya yi rajistar shafin, suka tarar kamfanin talla ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya faru a watan Mayu na 2011. Wani jami'in kamfanin hulɗa da jama'a na Burson-Marsteller ya tuntuɓi Christopher Soghoian, mai bincike kuma marubuci kan kare sirrin mutane a intanet, ya nemi ya sa sunansa a kan wani sharhi da ke sukar Google, har da tayin taimaka masa wajen rubutawa da kuma samar masa gurbi a manyan jaridu. Soghoian ya yi tambaya guda: wa ya ba ku wannan aiki? Aka ce ba za a iya faɗa ba. Shi kuma ya wallafa saƙonnin kaf. Cikin kwanaki aka gano Facebook ne ya ɗauki kamfanin. Burson-Marsteller ya amsa cewa abin ya saɓa wa ƙa'idarsa kuma da bai karɓi aikin a kan wannan sharaɗi ba. Ka duba, mai yiwuwa akwai gaskiya a cikin sukar da ake son yi wa Google. Da Facebook ya fito da sunansa ya faɗa, da an saurare shi an auna maganar. Amma aka zaɓi a ari bakin wani mutum da jama'a suka sani da gaskiya, a ci albasa da shi. Tambayar da Soghoian ya yi ita ce tambayar da kowane marubuci ya kamata ya fara yi, kuma jami'in da ba zai iya amsa ta ba bai kamata ya tura saƙon ba tun farko.

Masu wannan sana'a ba za su ce ba a gaya musu ba. Tun 1906 Ivy Lee, wanda ake lissafawa cikin iyayen sana'ar, ya aika wa editocin jaridu takardar manufofinsa, inda ya ce ofishinsa ba na sirri ba ne, aikinsa a fili yake yin sa, kuma duk editan da ke son tantance wani bayani za a taimaka masa. Shi kansa Lee bai cika wannan alƙawari a kowane lokaci ba, domin bayanan da ya yaɗa wa iyalan Rockefeller, masu kamfanin haƙar kwal, bayan kisan ma'aikata masu yajin aiki da iyalansu a Ludlow ta Amurka a 1914 sun jawo masa suka mai tsanani. Duk da haka mizanin da ya kafa yana nan, kuma ya girmi intanet da shekaru masu yawa.

Maganar kyauta ta fi ta ƙarya wuyar sha'ani, domin a nan babu wanda ya yi niyyar yaudara a fili. A ƙarshen 2006 Microsoft ta aika wa wasu marubuta tsadaddun kwamfutocin Acer Ferrari ɗauke da sabuwar manhajar Windows Vista. Hujjarta mai ma'ana ce: ta yaya mutum zai yi sharhi kan abin da bai taɓa ba? Amma da surutu ya yi yawa, sai ta koma tana cewa a mayar ko a bayar ga wani bayan an gama gwaji. Ni a wurina iyakar a bayyane take. Kayan da aka ba mutum aro don ya gwada ya mayar, kayan aiki ne. Kayan da aka bar masa, kyauta ce, kuma idan baki ya ci ido kan ji kunya. Marubuta da yawa za su rantse cewa kyauta ba ta sauya musu ra'ayi, kuma na yarda da gaske suke faɗa. Matsalar ita ce tasirin kyauta ba ya zuwa a matsayin ƙarya. Yana zuwa ne wajen zaɓen kalma mai laushi a inda ya kamata a yi amfani da mai kaifi, wajen tura aibin kaya zuwa sakin layi na ƙarshe, wajen yin shiru gaba ɗaya a kan abin da bai yi daɗi ba. Haka tafiye-tafiyen da ake ɗaukar nauyi, da otal, da liyafa. Ban ce a daina su kwata-kwata ba, domin akwai masana'anta ko wurin shaƙatawa da ba za a iya bayaninsa ba sai an je. Amma a faɗa a farkon rubutu wa ya biya, a bar mai karatu ya yi nasa lissafin.

Akwai kuma raini, wanda shi ma nau'in cuta ne. A 2011 kamfanin abinci na ConAgra, ta hannun kamfanin hulɗa da jama'a na Ketchum, ya gayyaci marubutan bulog kan girki da tarbiyyar yara zuwa wata liyafa a birnin New York, aka ce wani sanannen mai girki ne zai dafa musu abinci na musamman. Har an ba wasunsu ƙarin tikiti su raba wa masu karanta su. Ashe abincin daskararre ne na kanti da kamfanin ke sayarwa, kuma an ɓoye kyamarori ana ɗaukar yadda za su yi santi, don a yi talla da shi. Marubutan suka fusata, musamman waɗanda suka daɗe suna gargaɗin mabiyansu kan irin wannan abinci, kuma suka jawo mabiyan nasu da hannunsu zuwa wurin. Kamfanin ya soke zaman ƙarshe, ya nemi afuwa, ya ce ba zai yi amfani da hotunan ba. Da wani a cikin masu shirya abin ya zauna ya karanta rubuce-rubucen mutanen da ya gayyata na awa ɗaya, da ya san ba za su ɗauki abin da wasa ba.

Hukumomi sun shigo cikin lamarin, ko da yake a makare. A 2009 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta ta ce duk mai yabon kaya a intanet dole ya bayyana idan an biya shi ko an ba shi kayan kyauta. A 2016 ta kama kamfanin tufafi na Lord & Taylor, wanda ya bai wa mutum 50 masu tasiri a Instagram riga iri ɗaya da kuɗi tsakanin dala 1,000 zuwa 4,000 kowannensu, ya duba hotunansu kafin su saka, amma bai sa sun ce talla ce ba. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta ƙasar ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto ba tare da ta faɗi cewa an biya ta dala 250,000 ba. Faransa ta yi doka ta musamman a watan Yuni na 2023 kan masu tasiri a kafafen sada zumunta, ta hana su tallata wasu abubuwa kamar tiyatar gyaran jiki, ta kuma tanadi ɗauri da tara mai nauyi. Amma doka a takarda daban, aiki da ita daban. A farkon 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken da aka yi kan shafukan mutum 576, aka tarar kashi 97 cikin ɗari suna saka abubuwan kasuwanci, amma ɗaya cikin biyar ne kawai ke bayyana hakan a kowane lokaci. Wannan a nahiyar da ke da dokoki da masu sa ido ke nan. A wuraren da babu mai sa ido, abin da ya rage tsakanin mai karatu da yaudara shi ne lamirin jami'in da lamirin marubucin.

Na san abin da za a ce mini, kuma maganar tana da nauyi. Marubuci mai zaman kansa ba shi da albashi. Yana kashe lokaci da kuɗin intanet da kayan aiki, kamfani kuma yana cin ribar abin da ya rubuta, to don me za a ce ya yi kyauta? Ban ce ya yi kyauta ba. Neman mutum ya yi wa kamfani mai riba aiki a kan alƙawarin wai zai ƙara suna, shi ma zalunci ne, kuma jami'ai da yawa suna yin sa ba kunya. A biya shi, a biya shi da kyau. Abin da nake cewa shi ne da zarar kuɗi ya shiga, sunan abin ya zama talla, kuma a kira shi da sunansa. A rubuta a sama, da harshen da mai karatu ke ji, kafin ya fara karantawa. Ɓoye kalmar a ƙasan rubutu, ko cusa ta cikin tarin alamomi, ko amfani da kalmomi masu harshen damo irin su "haɗin gwiwa" da "godiya ga abokanmu", duk dabarun kauce wa gaskiya ne. Dillalin da mai kaya ke ba la'ada bai yi laifi ba. Laifin yana farawa ne a lokacin da ya riƙe hannun mai saye yana nuna masa shi nasa ne, shawara kawai yake ba shi don Allah.

Wasu jami'an kuma sukan ce idan aka rubuta talla ce, mutane ba za su yarda ba, ciniki zai ragu. Wannan hujja tana tona asirin mai yin ta, domin ma'anarta ita ce ribar da yake samu ta dogara ne kan rashin sanin mai karatu. In har mutum zai sauya shawara da ya san an biya, to sanin haƙƙinsa ne.

Wani ɓangare na wannan hulɗa ma ba ruwansa da mai karatu ko kaɗan. Dubban saƙonnin da ake aika wa masu shafuka na neman a ba su gurbin rubutu, ba don a karanta rubutun ake yi ba, don a samu mahaɗi, wato wurin dannawa da ke kai mai karatu wani shafi, wanda zai ɗaga shafin kamfani a sakamakon binciken Google ake yi. Google ya daɗe da haramta sayen irin wannan mahaɗi, kuma a 2019 ya fito da alama ta musamman da za a riƙa sa wa mahaɗin da aka biya. Abin ya taɓa faɗawa kan Google ɗin da kansa: a farkon 2012 aka gano an biya masu bulog su yi rubutu kan manhajarsa ta Chrome ta hanyar da ta saɓa wa ƙa'idarsa, dole ya rage wa shafin Chrome matsayi a sakamakon bincike na aƙalla kwana 60. Marubucin da ya cika shafinsa da irin waɗannan rubuce-rubuce marasa gishiri yana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yana korar mutanen da ya shafe shekaru yana tarawa.

Me ya sa har yanzu ake tura saƙo ɗaya ga mutum dubu, alhali kowa ya san ba ya aiki? Ina ganin amsar tana wajen yadda ake auna aikin jami'in. Mai kamfani yana son ganin lamba a ƙarshen wata: an tuntuɓi mutum nawa, an ambace mu sau nawa, mabiyan waɗanda suka ambace mu sun kai miliyan nawa. Akwai kamfanonin da ke sayar da rumbun sunayen 'yan jarida da marubuta, don haka tura wa dubu ya fi karanta mutum goma sauƙi, kuma ya fi kyan gani a rahoto. Masana sana'ar sun san wannan ciwo. A 2010 sun taru a Barcelona suka fitar da ƙa'idojin auna aiki, suka yi watsi da tsohuwar dabarar ƙiyasta darajar labari da kuɗin da za a biya in da talla ce, suka ce a duba sakamako maimakon yawan abin da aka fitar. Amma al'ada ba ta saurin mutuwa. Yawan mabiya ma ana sayen sa, har ta kai FTC a 2024 ta haramta sayen mabiya na bogi da sharhin bogi. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya rubuta wa kowane marubuci saƙo da sunansa, har da ambaton rubutunsa na jiya, ba tare da wani ɗan'adam ya karanta ko layi ɗaya ba. Ina tsoron wannan zai fi tsohon salon ɓarna, domin a da ana gane saƙon gayya da kallo ɗaya, yanzu kuwa ya koyi yin kama da kulawa.

Hanyar da ta dace ba ta da wani sirri, wahala ce kawai da ita. Jami'i ya karanta marubucin na tsawon lokaci kafin ya ce masa uffan, ya san abin da yake rubutawa da abin da ya tsana, ya karanta har da abin da mabiyansa ke cewa. Mutum mai mabiya dubu biyu da duk suke cikin fanni ɗaya, kuma suke sayen abin da ya ce ya gwada, ya fi wa kamfani amfani a kan mai mabiya miliyan da suka taru don kallon raha. In ya tashi rubuta masa, ya faɗi sunansa da wanda yake wa aiki a layin farko, ya taƙaita, ya kawo abin da marubucin ba zai samu a wani wuri ba: damar yin tambaya kai tsaye ga injiniyan da ya ƙera kayan, ko alƙaluman da ba a fitar ba, ko kayan gwaji da isasshen lokaci. Kada ya nemi a nuna masa rubutu kafin a buga, sai dai in talla ce da aka biya. In an ce a'a, ya karɓa. In an yi shiru, ya tuna sau ɗaya ya haƙura. Kuma ya kasance ana samun sa a ranar da labari mara daɗi ya fito, domin jami'in da wayarsa ke shiga ranar ƙaddamar da kaya kawai, marubuta suna gane shi da wuri.

Su ma marubutan ba zan wanke su ba. Akwai masu aika wa kamfanoni da otal-otal saƙon neman kaya ko kwana kyauta da alƙawarin yabo tun kafin su ga abin. Akwai masu riƙe mummunan labari su nemi a sasanta, wanda wannan ƙwace ne da sunan rubutu. Jami'in da ya biya irin wannan mutum sau ɗaya ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba, kuma ya taimaka wajen zubar da mutuncin sauran masu yi don gaskiya.

Inda ake gane jami'i na ƙwarai shi ne ranar da marubucin da ya gayyata, ya ba shi kaya, ya haɗa shi da manyan kamfani, ya fito ya ce kayan ba su da kyau. A watan Disamba na 2020 kamfanin Nvidia ya sanar da masu tashar Hardware Unboxed, masu gwajin kayan kwamfuta a YouTube, cewa ba zai ƙara ba su wasu kayan gwaji ba, saboda sharhinsu bai mayar da hankali kan fasahar da kamfanin ke son a yaba ba, har ya nuna cewa za a sake dubawa in sun sauya alƙibla. Sauran masu sharhi suka taso gaba ɗaya, domin kowa ya gane cewa idan samun kayan gwaji ya dogara da faranta wa kamfani, to babu sharhin da za a ƙara yarda da shi, har da masu yabo. Cikin 'yan kwanaki Nvidia ta janye ta nemi afuwa.

A irin wannan rana mai gida zai kira jami'insa cikin fushi ya ce a cire sunan mutumin nan, ko a aika masa takardar lauya. Aikin jami'in a lokacin shi ne ya tsaya ya ce a'a, ko da hakan zai jawo masa baƙin jini a ofis. Ya karanta sukar da kyau. In akwai kuskuren bayani, ya aika gyara da hujja, da sunansa da muƙaminsa, ba ta bakin wani asusun bogi ba. In sukar gaskiya ce, ya kai ta ga masu ƙera kayan, ya dawo ya gaya wa marubucin abin da aka yanke da lokacin da za a gyara. Idan kuma sabon samfuri ya fito bayan wata shida, sunan wannan marubuci ya kasance cikin waɗanda za a fara aika wa.